Silifas ɗina na can dajin Kakum

Samarin layinmu a unguwar Nima da ke Accra ne suka haɗa kuɗi wai a je gandun dajin Kakum na nan Ghana a kwana a daji, da na ji suna ta zuzuta gadar sama sai na ce ku rufa mana baki, ni da kullum ina kan rufin mutane ina ɗaura dish za a ba labarin tsayi? Muka kama mota a Kaneshie tun asuba sai Cape Coast, daga nan wajen kilomita 30 ne zuwa dajin.

Kafin ma a kai gadar akwai wani tudu da sai da ya tuna min duk waakye ɗin, wato shinkafa da wake, da na loda a hanya.

Gadar kuwa jama'a, katako ne siriri iya faɗin ƙafa biyu, raga dama da hagu, an ɗaure da igiyoyi a jikin manyan bishiyoyi, kuma ba ɗaya ba ce, guda 7 ne a jere, mita 350 gaba ɗaya, wani wurin mita 40 tsakaninka da ƙasa. Mai rakiyarmu ya ce tun 1995 ake hawanta, na ce to ai nan matsalar take, ta tsufa. Rufin gida dai ba ya lilo, wannan ko numfashi ka yi sai ta amsa, ga 'yan makaranta a bayana suna tsalle da gangan suna dariya, ni ko na riƙe igiya na karanta Ƙulhuwallahu na koma Ayatul Kursiyyu na ɓace a tsakiya na sake daga farko. Wata Hajiya ta ce ɗana ka yi gaba mana, ko a nan za ka yi Azahar? Ina ɗaga ƙafa silifas ɗin dama ya sulluɓe, ko ƙarar faɗuwarsa ban ji ba.

Da dare a ɗakin kan bishiya wani abu ya dinga kurma ihu kamar ana yanka mutum, na tashi kowa, ashe agwadar bishiya ce, 'yar abu da ba ta fi zomo ba. Giwayen dajin da muka biya kuɗin mota dominsu ko kashinsu ban gani ba, an ce ba su cika fitowa inda mutane suke ba.

Bidiyon yana grup ɗin unguwa yanzu, jiya wani kwastoma ya kira ni aikin dish ya ce Malam kar ka damu, gidan ba bene ba ne.