Matasan Zazzau, Mu Ba Hanya Haƙƙinta

Assalamu alaikum 'yan uwana matasa, musamman masu riƙe da sitiyari, da masu Keke Napep, da 'yan acaɓa. Maganar fakin nake so mu yi, don abin ya kai inda shiru ba zai yiwu ba.

"Yanzu zan fito, minti biyu kawai." Da wannan muke toshe PZ, da bakin kasuwar Sabon Gari, da Tudun Wada. Mutum ya ajiye mota a gefen wadda aka riga aka ajiye, ya kulle, ya shige shago. Mai keke ya hango fasinja, ya taka burki a tsakiyar titi ba ko sigina. Kowa na ganin nasa ƙarami ne, alhali da haka hannu biyu ke komawa hannu ɗaya.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne Kwangila. A nan hanyar Kaduna zuwa Kano ta haɗu da wadda ta nufi Samaru da Shika har Funtuwa. Ta nan ake wucewa da marasa lafiya zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, wasu ma daga jihohin maƙwabta aka turo su. Ɗan uwa, lokacin da ka tsaya lodi a bakin gada kana jiran cikon mutum ɗaya, ka san wa ke bayanka? Wataƙila mai naƙuda ce jini ya ɓalle mata. Wataƙila tsoho ne numfashi ke sarƙe masa. Ba za ka taɓa jin labarin yadda suka ƙare ba, amma Allah Ya gani. Manzon Allah (SAW) ya umarci masu zama a bakin hanya su ba ta haƙƙinta, kuma a cikin haƙƙoƙin ya ambaci kamewa daga cutarwa. In kawar da ƙaya daga hanya sadaka ce, ina ga wanda ya gicciya mota sukutum?

Masu kafa rumfar biki a kan kwalta, da masu barin mota ko'ina ranar Juma'a don kada sahu ya wuce su, har da ku nake.

Sai kuma halinmu in 'yan KASTLEA, wato hukumar kula da dokokin hanya ta Jihar Kaduna, ko 'yan Road Safety sun kama mu. Nan take a hau waya ana neman wani babba, ko a tara jama'a ana hayaniya. Haba! In jami'i ya zalunce ka, ka nemi haƙƙinka a ofishinsu, wannan daidai ne. In kuwa kai ne da laifi, biya tararka ta hanyar hukuma, ka karɓi rasit, kada ka miƙa na goro. Cin hancin nan shi ke sa gobe a dawo a sake toshe wurin.

Shugabannin yuniyon, ku ma da aiki a gabanku: ku mayar da lodi cikin tasha, ku ja kunnen 'yan kamasho. Mu kuma fasinjoji mu daure mu taka zuwa inda aka ware, domin direba ba ya tsayawa a tsakiyar titi sai ya ga mai ɗaga masa hannu.