Tikitin aro da farautar sa hannu: yadda ƙananan jam'iyyun Amurka ke samun ɗan takara

A Amurka babu hukumar zaɓe guda ɗaya da za ta yi wa jam'iyya rajista, shi ke nan ta tsaya takara a ko'ina. Kowace jiha daga cikin 50 da tata dokar. A Louisiana, mai neman shugabancin ƙasa yana iya biyan dala 500 sunansa ya hau takardar ƙuri'a. A Texas kuwa, sabuwar jam'iyya sai ta kawo sa hannun mutane daidai da kashi 1 cikin 100 na ƙuri'un da aka kaɗa a zaɓen gwamna na baya, wanda a 2024 ya kai dubu 81, cikin kwana 75, kuma duk wanda ya yi zaɓen fidda gwani na Democrat ko Republican a shekarar ba ya cikin lissafi. Georgia ta fi tsanani. Tun 1943 take neman kashi 5 cikin 100 na masu rajista a mazaɓa kafin ɗan ƙaramar jam'iyya ya nemi kujerar majalisar wakilai ta tarayya, kuma shekaru da dama suka shuɗe ba a samu jam'iyyar da ta tsallake wannan shinge ba.

Saboda haka jam'iyyu irin su Green, Libertarian da Constitution ba su fara neman ɗan takara da tambayar wa jama'a ke so. Suna farawa da tambayar wace kujera ce za ta sama musu gurbi a takardar ƙuri'a, ko ta riƙe musu wanda suke da shi. A ganina wannan ne daidai, kuma jam'iyyun da suka bar wannan lissafi suka bi mai suna su ne suka fi yin asara.

Texas ta isa misali. Kafin 2019, jam'iyya na riƙe gurbinta idan wani ɗan takararta ya samu kashi 5 cikin 100 a kujerar da duk jihar ke zaɓa. Ba a cika samun haka a takarar gwamna ko sanata ba, inda manyan jam'iyyu ke zuba kuɗi, masu zaɓe kuma ke jin tsoron ɓarnatar da ƙuri'a. Ana samunsa ne a kujerun da ba a damu da su ba: alƙalan kotunan jiha, musamman inda ɗaya daga cikin manyan jam'iyyun ba ta tsayar da kowa ba, ko hukumar jiragen ƙasa ta jihar, wadda duk da sunanta aikinta shi ne sa ido kan man fetur da iskar gas. A 2016 Mark Miller na Libertarian, injiniyan man fetur, ya wuce kashi 5 a takarar wannan hukuma, ya ceci gurbin jam'iyyarsa. Mai farautar 'yan takara a ƙaramar jam'iyya lauya yake nema da injiniya, mutanen da takardunsu suka cika sharuɗɗan irin waɗannan kujeru.

In an samu mutum, sai tantancewa, kuma nan ake yawan faɗuwa. Jihohi da yawa sun haramta wa wanda ya sha kaye a fidda gwani ya koma ya tsaya a wata inuwa a zaɓen shekarar. Wasu na duba yaushe mutum ya bar tsohuwar jam'iyyarsa, kuma Kotun Ƙoli ta amince da irin wannan sharaɗi tun 1974 a wata shari'a daga California. Sai adireshi da takardar rantsuwa. A 2020 Howie Hawkins, ɗan takarar shugaban ƙasa na Green, bai hau takardar ƙuri'ar Wisconsin ba saboda mataimakiyarsa Angela Walker ta sauya gida ana tsakiyar tara sa hannu, adireshi biyu suka bayyana a takardun. A Pennsylvania kuma matsalar ta fito daga wata dabara da aka saba: da yake wa'adin jihohi kan riga babban taron jam'iyya, sai a fara tara sa hannu da sunan ɗan riƙon ƙwarya, daga baya a musanya. Takardar rantsuwar mai riƙon an aika ta ta na'urar fax maimakon a miƙa ta yadda doka ta ce, kotu ta cire Hawkins. A 2024 Green ta Nevada ta yi amfani da fom ɗin da ofishin sakataren jihar ya ba ta, aka gano ba shi ne na jam'iyyu ba, 'yar takararta ta shugaban ƙasa Jill Stein ta rasa gurbi a jihar.

Tara sa hannun kansa sana'a ce. Wanda ya san aikin ba ya tsayawa a adadin da doka ta faɗa, yakan ƙara kusan rabi a kai, domin za a zubar da na wanda ba shi da rajista, da wanda ya rubuta tsohon adireshi, da wanda ya sa hannu sau biyu, da wanda ba a iya karanta rubutunsa. Kuskure guda a rantsuwar mai yawo da takardar na iya kashe shafi sukutum. 'Yan sa-kai ba su isa, sai an ɗauki 'yan kwangila, in kuma ana biyansu bisa kowane sa hannu to an buɗe ƙofar jabu. Wannan bai bar manya ba ma: a Michigan a 2022 'yan Republican biyar masu neman gwamna aka hana tsayawa saboda sa hannun bogi da 'yan kwangila suka kawo musu. Maganin da aka sani shi ne a riƙa gwada samfuri daga aikin kowane mai tarawa da kundin masu zaɓe tun makon farko, a sallami wanda aikinsa ke da shakku kafin ya gurɓata sauran.

Haɗin kan da ya fi amfani tsakanin waɗannan jam'iyyu a kotu yake. A aƙida Green da Constitution ba su haɗa hanya ba, amma dokar da ta danne ɗaya ita ta danne ɗayar. A Pennsylvania, bayan an ɗora wa Ralph Nader, ɗan takarar shugaban ƙasa mai zaman kansa, biyan sama da dala dubu 80 na kuɗin shari'ar da aka ƙalubalanci takardunsa na 2004, 'yan takara suka shiga janyewa da zarar an kai su ƙara, don gudun kada su sayar da gida. Jam'iyyun Constitution, Green da Libertarian suka shigar da ƙara tare, suka yi nasara a 2015, a 2016 kuma aka sauko da adadin sa hannu zuwa 5,000 ga manyan kujerun jiha. Ƙara ɗaya, kowa ya ci gaba da manufarsa. Sukan kuma ba mai tarawa ɗaya takardun jam'iyyu biyu, sai dai a jihohi irin New York mai zaɓe ɗan takara ɗaya kawai zai sa wa hannu a kujera ɗaya, don haka can abokan juna ma rige-rige suke.

Inda nake da ja shi ne aron tikiti. Jam'iyyar da ba ta da gurbi a wata jiha takan nemi wata ƙarama mai gurbi ta ɗauki ɗan takararta. Idan aƙida ta zo kusa, abin na tafiya lafiya: Peace and Freedom ta California ta daɗe tana ba masu ra'ayin gurguzu gurbinta, kamar Claudia De la Cruz a 2024. Idan kuwa baƙon ya fi gidan girma, sai labari ya sha bamban. Ross Perot ya samo wa jam'iyyar Reform kashi 8 cikin 100 a zaɓen shugaban ƙasa na 1996, abin da ya ba ta haƙƙin tallafin tarayya na dala miliyan 12.6 a zaɓe mai zuwa. Wannan kuɗi da gurabenta suka jawo Pat Buchanan daga Republican. Taron 2000 ya dare biyu, Buchanan ya ƙare da ƙasa da rabin kashi ɗaya, jam'iyyar ba ta sake miƙewa ba. A 2024 Robert F. Kennedy Jr. ya ari gurbin jam'iyyar Natural Law a Michigan don takarar shugaban ƙasa, a watan Agusta ya janye ya bi Trump, ya koma kotu yana neman a cire sunansa. Bai yi nasara ba, amma ya nuna wa masu gidan matsayinsu a wurinsa.

Mai bin siyasar Najeriya ya san wannan ciwo. Bayan INEC ta soke rajistar jam'iyyu 74 a Fabrairun 2020, ga shi kundin tsarin mulki bai yarda da ɗan takara mai zaman kansa ba, tikitin 18 da suka rage ya zama abin nema, kuma rigingimun shugabancin da suka biyo bayan shigar manyan baƙi Labour da NNPP a 2022 daga wannan tushe suke.

Wani taimakon ma tarko ne. A Montana a 2020 jam'iyyar Republican ta jihar ce ta biya dala dubu 100 aka tara wa Green sa hannu, don a rage wa Democrat ƙuri'a a takarar sanata. Green ta ce ba da yawunta ba, ɗaruruwan mutane suka janye sa hannunsu, kotu ta cire ta. Jam'iyyar da ba ta tambayi wa ke biyan masu tara mata sa hannu ba, sunanta take jinginarwa.

New York na da wata hanya: doka ta yarda jam'iyyu biyu su tsayar da mutum ɗaya, kowace a layinta. Yawancin jihohi sun haramta haka, Kotun Ƙoli kuma ta goyi bayan haramcin a 1997. Amma a 2020 New York ta ɗaga sharaɗin riƙe gurbi daga ƙuri'a 50,000 duk shekara huɗu zuwa 130,000 ko kashi 2 cikin 100, duk wanda ya fi yawa, duk shekara biyu, ta kuma ninka sa hannu sau uku zuwa 45,000 cikin mako shida. Jam'iyyar Working Families ta tsira domin Biden ne a layinta, Conservative ta tsira da Trump. Green da Libertarian, da suka tsayar da nasu, suka rasa gurbi. A zaɓen gwamna na 2022 Hawkins da Larry Sharpe na Libertarian duka sun kasa cika 45,000 ɗin, suka koma roƙon magoya baya su rubuta sunayensu da hannu, takardar ƙuri'ar kuwa ta fito da layuka huɗu ɗauke da sunan mutum biyu.