Datarmu ce ke ƙonewa, amma an hana mu toshe talla

Mutum ya sayi data da guminsa, ya kai waya wurin mai caji a bakin layi ya biya, ya dawo ya zauna zai saurari tafsiri ko ya kalli ci gaban fim mai dogon zango. Kafin malam ya yi basmala an jero masa talla biyu, na farkon ma babu wurin tsallakewa. Bai gama gyara zama ba an sake katse shi da wani. Idan ya gaji ya sa manhajar toshe talla, sai YouTube ta rufe masa allo da sanarwar cewa ya karya ƙa'idar amfani da shafin. Haba jama'a! Wa ya ci haƙƙin wani a nan, wanda ya biya kuɗin datar ko wanda ya zuƙe ta ba da izini ba?

A yi lissafi. Bidiyo a kan ingancin hoto na 480p yana cin wajen megabait 8 a minti ɗaya, a kan 720p kuwa ya ninka haka har ya wuce. Ke nan tallan daƙiƙa 30 yana lashe megabait 4 zuwa 10. Wanda ya ci karo da talla goma a zaman kallon dare, kafin wata ya ƙare ya yi asarar fiye da giga ɗaya a kan abin da bai nema ba. Wannan kuma bayan hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kan kuɗin kira da data a Janairun 2025. Mai intanet marar iyaka a Landan lokacinsa kaɗai talla yake ci. Ɗan Kurna ko Ɗorayi da ke sayen data ta yini, lokacinsa da kuɗin cefanensa ake haɗawa a ci.

Da ma a ce tallan na mutunci ne. Magidanci ya kunna wa'azi a tsakar gida, yara na gefe, sai ga tallan caca, ko na manhajar rance mai cin ruwa, ko mace rabin jikinta a waje. Hisbah ta rufe shagunan caca a Kano a 2024, amma ga shagon ya dawo cikin waya, a tsakiyar karatun Alƙur'ani. Kuma kada a yi saurin zargin malamin. Tun 2021 YouTube ta ba kanta damar saka talla har a tashoshin da ba su shiga tsarin rabon kuɗi ba, ba tare da mai tashar ya ga ko sisi ba.

Yaƙin da masu toshe talla ya fito fili ne a 2023. An fara da gargaɗi, aka koma barazanar rufe kallo bayan bidiyo uku, zuwa Oktoba aka baza abin a duniya. A Nuwamba mutane suka lura da jinkirin daƙiƙa biyar kafin bidiyo ya buɗe, kamfanin da kansa ya amsa cewa masu toshe talla za su iya fuskantar tangarɗa. A wurinmu wannan mugunta ce ta musamman, domin duk wanda ya ga allo na juyawa sabis zai zarga. Zai cire sim, ya sa waya a yanayin jirgi, ya fita ƙofar gida neman sabis, alhali da gangan aka riƙe masa bidiyon. A Afrilun 2024 aka juya kan manhajojin waje masu kunna YouTube ba talla. A tsakiyar shekarar aka fara gwajin ɗinke tallan a jikin bidiyon tun daga can inda ake turo shi, yadda manhaja ba za ta iya bambance fim da talla ba.

Sannan a tuna, Google mai YouTube ita ce mai Chrome, burauzar da ake buɗe shafukan intanet da ita. Da ta sauya tsarin ƙananan manhajojin da ake maƙala wa burauzar zuwa abin da ta kira Manifest V3, cikakkiyar manhajar toshe talla ta uBlock Origin ta daina aiki a Chrome, aka bar mutane da uBlock Origin Lite, wadda ba ta da ƙarfin ta asali kuma ba ta sabunta jerin tacewarta, wato jerin abubuwan da za ta toshe, da sauri. Mai kasuwa ne, shi ne kuma mai gadin ƙofa.

To me ke aiki yanzu? Burauzar Firefox da cikakkiyar uBlock Origin, a kwamfuta da kuma wayar Android, domin Chrome ta waya ba ta karɓar irin waɗannan manhajoji ko kaɗan. Burauzar Brave ma tana zuwa da nata abin toshewa a jiki. Amma a cikin burauzar za a buɗe shafin, manhajar YouTube da ta zo da waya ba ruwanta da su. Babban kuskuren da ake yi shi ne tara masu toshewa biyu ko uku a tare, wai don a ƙara ƙarfi. Su ne suke tona wa juna asiri: ɗaya ta ɓoye sawunta, ɗayar ta bar nata a fili, shafin ya gano. A bar guda ɗaya tak. Idan sanarwar ta sake fitowa, a shiga saitin uBlock Origin, a buɗe Filter lists, a taɓa alamar agogo da ke gefen Quick fixes, a danna Update now, sannan a rufe duk shafukan YouTube a buɗe sabo. In ta ƙi tafiya a goge kukis na shafin, wato bayanan da yake ajiyewa a burauza, a sake shiga. Wani lokaci duk wannan ba zai yi ba, domin an sauya tarkon ne a ranar, sai an jira masu aikin sa-kai da ke rubuta jerin tacewar su fitar da gyara, awanni ko kwana guda.

Akwai dabarar da ake yaɗawa ta sauya Private DNS a saitin waya. Tana rage tallan wasu manhajoji da shafukan labarai, amma ba ta taɓa na YouTube, saboda tallan da bidiyon daga adireshi ɗaya suke fitowa. Ka toshe wannan, ka toshe wancan.

Inda abin ya fi ciwo shi ne ramin da matsin nan ke tura mutane. Tun da aka rufe Vanced, manhajar kallon YouTube ba talla, a Maris 2022, jabun manhajoji masu sunanta suka cika gari, ana tura su ta WhatsApp da Xender, ko wani yaro a kasuwar waya ta Farm Centre ko Beirut ya ce "kawo in sa maka mai cire talla, Alhaji." Ba wanda ya san hannu nawa fayil ɗin ya bi. Manhajar kallon bidiyo da ta nemi izinin karanta saƙonnin tes, ko izinin Accessibility mai ba ta damar gani da sarrafa abin da ke kan allo, ko ta ce a kashe Play Protect, mai tsare waya daga miyagun manhajoji, kafin ta shiga, a goge ta nan take. A wayar nan manhajar banki take, ta nan lambar sirrin cire kuɗi ke shigowa. Gudun tallan daƙiƙa 15 kada ya jawo a share wa mutum asusu.

Ba a manta da masu shirya fina-finanmu ba. Tun da kasuwar faifai ta mutu, da yawansu da tallan nan suke biyan 'yan wasa da masu ɗaukar hoto, kuma kashi 55 cikin ɗari na kuɗin tallan dogon bidiyo nasu ne. Haƙƙinsu ne, babu musu. Amma su ma su ji tsoron Allah, domin duk bidiyon da ya kai minti 8 mai tasha na da ikon zaɓar inda za a yanka a sa talla, wasu kuwa sai su yayyanka awa ɗaya kamar naman tsire. Kamfanin da ya samu sama da dala biliyan 36 daga talla a 2024 ba zai talauce ba don ya rage wa mai ƙaramar data nauyi. Amsarsa ɗaya ce, a sayi Premium, wato a biya kuɗi duk wata a kalla ba talla, wadda ita ma aka ɗaga daga naira 1,100 zuwa 1,700 a wata a 2025, kuma datar kallon tana nan a wuyanka.

Wanda ba zai iya wahalar burauza ba, aƙalla ya shiga My Ad Center a asusunsa na Google ya taƙaita tallan caca, giya da na neman abokan soyayya. Ba ya rage yawan tallan, kuma wasu kan sulale su wuce, amma yana rage abin kunya a gaban yara. Ya kuma sauke ingancin hoto zuwa 360p idan wa'azi ne ko hira, ya kashe kunna bidiyo na gaba kai tsaye, domin waya ba ta san mai ita ya yi barci ba, haka za ta ci gaba da jero talla tana cin data.