Wanda ya riƙa kai Sania Mirza fili

Ranar Asabar da ta wuce, ana idar da sallar asuba, maƙwabciyata ta ƙwanƙwasa mana ƙofa. Cewa ta yi in ba ta aron 'yata ta raka tata filin tanis, tunda ba makaranta. Ni ban saba sakin yarinyar a garin mutane ba, sai na zura hijabi na ce mu je tare. Ita ta hau ɗan baburinta irin lifan, baƙar burƙa har ƙasa, niƙabi a fuska, 'yarta a baya ta rungume jakar raket. Ni da tawa muka tari adaidaita sahu muka bi bayansu.

A Haidarabad muke zaune, kudancin Indiya, a unguwar Tolichowki inda 'yan Afirka da dama ke kama haya. Karatu ne ya kawo maigidana, ni kuma na biyo shi. Unguwar Musulmi ce sosai. Kiran salla daga kowace kusurwa, masu shayin Irani sun ɗora tukwane tun da duhu, maza na fitowa daga masallaci da fararen huluna suna tsoma biskit a ƙananan kofuna. In ka rufe ido sai ka rantse a Fagge kake.

Filin jar ƙasa ne, an daɓe shi sumul, an ja farin layi, raga a tsakiya. Yara sun kai ashirin, kuma mata sun fi maza yawa. Kocin, wani dattijo mai furfura da aka rina da lalle, yana tsaye da kwandon ƙwallaye yana jefa musu ɗaya bayan ɗaya. Iyaye mata na zaune a kan dakalin siminti, wannan da filas ɗin shayi, waccan da carbi a hannu tana ja tana kallon 'yarta. Wani uba ya durƙusa yana ɗaure wa tasa igiyar takalmi. A jikin bangon ɗakin ajiya an manna hoton wata mata riƙe da kofi, rana ta dake shi har ya koɗe.

Kocin ya miƙa wa 'yata raket ya ce ta gwada. Ƙwallo biyu ta kuskure, ta uku ta haye raga ta sauka cikin layi. Sai ya fara jefa mata nesa, dama da hagu, tana bi a guje, hijabinta na kaɗawa. Ya waiwayo ya ce mini yarinyar nan tana da ƙafa. Ina cikin jin daɗin wannan magana maƙwabciyata ta nuna hoton bangon ta ce: "'Yar unguwannin nan ce, Sania Mirza. Ku a garinku wace yarinya ake manna hotonta haka?"

Da zuciya ɗaya ta yi tambayar, amma ta soke ni. Na yi wuf na ce Asisat Oshoala, Musulma ce, ta zama gwarzuwar ƙwallon ƙafa ta Afirka har sau shida. Ta ce masha Allah, 'yar garinku ce? Na ce a'a, 'yar Ikorodu ce, can Legas. Daga nan ban sake samun wani suna ba. Har muka dawo gida ina lalube a raina, daga Sakkwato zuwa Maiduguri, ban samo ba.

Sunan Sania yana yi wa kunnen Bahaushe wani iri, amma sanannen sunan 'ya'yan Musulmi ne a nan. An haife ta a Mumbai ranar 15 ga Nuwamba 1986, ta tashi a nan Haidarabad. Tana 'yar shekara shida mahaifiyarta ta fara kai ta fili. Ita da bakinta ta sha faɗa cewa filin da ta fara wasa a kai da kashin shanu aka daɓe shi, kuma dangi da maƙwabta sun riƙa ce wa iyayenta rana za ta baƙanta yarinyar, ba wanda zai aure ta. Mahaifinta Imran Mirza bai saurare su ba. Shi ya zama kocinta, shi ne direbanta, yana tuƙa ta a mota daga wannan gari zuwa wancan a faɗin Indiya don a rage kuɗin tafiya.

A 2003 ta ci kofin 'yan mata na wasan biyu-biyu a gasar Wimbledon ta Ingila. A Janairun 2005 ta kai zagaye na uku a gasar Ostireliya, inda Serena Williams ta fitar da ita. Wata guda bayan haka, tana da shekara 18, ta ɗauki kofin gasar Haidarabad a gaban mutanen garinsu, kuma kafin ita ba wata 'yar Indiya da ta taɓa cin kofin WTA, hukumar tanis ta mata ta duniya, a wasan ɗaya-da-ɗaya. A wannan shekarar dai ta kai zagaye na huɗu a gasar Amurka kafin Maria Sharapova ta tare ta. A 2007 ta zama ta 27 a duniya. Sai wuyan hannunta ya ƙi, aka yi mata aiki, har ta haƙura da wasan mutum ɗaya.

Abin da ya fi burge ni shi ne daga nan ba ta nemi tabarma ta zauna ba. Ta koma wasan biyu-biyu, kuma a nan tauraronta ya fi haske. Manyan gasannin tanis huɗu ne a duniya, na Ostireliya da Faransa da Wimbledon da Amurka, kuma ta ɗauki kofi shida a cikinsu. Uku a wasan namiji da mace: 2009 da 2012 tare da Mahesh Bhupathi, 2014 tare da Bruno Soares. Uku kuma tare da Martina Hingis: Wimbledon da Amurka a 2015, Ostireliya a 2016. Su biyun sun ci wasa 41 a jere ba wanda ya kayar da su. A Afrilun 2015 ta zama ta ɗaya a duniya a wannan ɓangare, ta yi mako 91 a kan kujerar.

Na san abin da wasu za su ce tun kafin su gama karantawa: ai can Indiya ne, su ba ruwansu. Wallahi da ruwansu. Bakin mutanen nan da namu uwa ɗaya uba ɗaya. Suna ma da tasu kalmar, "log kya kahenge", wato me mutane za su ce. A Satumban 2005 wasu malamai suka fitar da fatawa a kan gajeren siket ɗin da take wasa da shi, sai da aka ƙara mata masu tsaro a gasar Kolkata. A 2008 aka ɗauki hotonta a Ostireliya ta miƙe ƙafa kusa da tutar Indiya, wani ya kai ƙara kotu. Da ta auri ɗan wasan kurket na Pakistan, Shoaib Malik, a 2010, sai wasu suka ce ta sayar da ƙasa. A 2014 wani ɗan siyasa ya kira ta surukar Pakistan, har ta yi kuka a talabijin tana tambaya sau nawa za ta tabbatar musu ita 'yar Indiya ce. Masu rawani na jifa ta nan, masu tuta na jifa ta can. A 2016, tana ta ɗaya a duniya, wani babban ɗan jarida ya tambaye ta yaushe za ta nutsu ta haihu. Amsar da ta ba shi sai da ya nemi gafara a gaban kyamara.

Maganar sutura kam ba zan ɓoye ba, ni ma gajeren siket bai kwanta mini ba, kuma ba zan sa wa 'yata ba. Da dogon wando da riga mai hannu da hijabi ta buga ƙwallon nan, bai hana ta gudu ba. Tun 2019 ma hukumar WTA ta amince mata su yi wasa da dogon wando. Amma mu a gida ba a tsayawa a gyara suturar. Da an ce yarinya da fili, magana ta ƙare, an rufe ƙofa an cire makulli.

Ba cewa nake Indiya aljanna ce ba. A nan iyayen mace ne ke biyan dukiya kafin a auri 'yarsu, har ana cin bashin da ba ya biyuwa. Ƙin 'ya mace ya yi tsananin da tun 1994 doka ta hana likita faɗa wa mai ciki ko namiji ne ko mace. Mu kuwa uba ne ke karɓar sadaki da mutuncinsa, kuma ban taɓa ganin inda aka yi makoki don an haifi mace ba. Ga kallon da suke yi wa baƙar fata a kasuwa, wanda har yau ban saba da shi ba. Duk wannan na sani, kuma na sha faɗa wa maƙwabciyata a fuskarta. Sai dai duk bai amsa tambayarta ba. Ba ma a ce ba mu da fili: a Kano shekara da shekaru ana gasar tanis ta Dala, 'yan wasa na zuwa daga ko'ina a Najeriya. Ni haihuwar Kano ce, girman Kano, amma ko sau ɗaya ba wanda ya taɓa cewa mu je mu gani.

Wasu kuma za su ce ai ga shi aurenta ya mutu. Haka ne, a farkon 2024 danginta suka tabbatar ta yi khul'i. To matan da ake saki kullum a unguwanninmu, wacce a cikinsu ta taɓa riƙe raket? Ita dai ta haifi ɗanta a Oktoban 2018, ta dawo fili a Janairun 2020 ta ɗauki kofi a Hobart a gasarta ta farko. A 2023, tana da shekara 36, ta kai wasan ƙarshe a Ostireliya tare da Rohan Bopanna, ɗanta na cikin 'yan kallo. Ta ajiye raket a Dubai a watan Fabrairu, aka yi mata bankwana a filin Lal Bahadur na nan garin. Tana da makarantar koyar da tanis a bayan gari tun 2013. A duk tsawon shekarun nan, ko ana yabo ko ana zagi, in ka duba wurin zaman iyali za ka ga mahaifinta.

A nan ne abin ya fi yi mini ciwo. Ina aji biyar a makarantar 'yan mata ba wadda ke shan gabana a gudun mita 400. Ba takalmi nake gudu, da siket da dogon wando a ciki. Malamar wasanni ta zo har gidanmu da takarda, an zaɓe ni in wakilci shiyyarmu a gasar jiha. Inna ta shimfiɗa mata tabarma ta kawo ruwa. Da dare Baffa ya zo, na ji muryarsa daga zaure: "Yanzu kai sai ka bar budurwa kamar wannan tana tsalle-tsalle a gaban maza? Wa zai kwashe ta?" Na kasa kunne in ji me Baba zai ce. Bai ce komai ba. Washegari ya miƙo wa Inna takardar ba sa hannu, ya ɗauki kekensa ya tafi kasuwa.

Shekaru na yi ina riƙe da wannan a raina. Amma da na zauna ina kwatanta shi da Imran Mirza sai na ji kamar na ci amanarsa. Imran yana da mota, yana da boko, ya san ƙofofin da ake ƙwanƙwasawa. Baba tela ne a Kantin Kwari, mu tara yake ciyarwa, kuma Baffa ne ya riƙe shi bayan rasuwar mahaifinsu. Baba ne kuma ya tsaya kai da fata sai na gama sakandare lokacin da ake ta kawo kuɗin gaisuwa. Wannan yaƙin ya yi shi, ya ci. Na biyun ne ya ga ba zai iya ba. Duk da haka ina cewa, da ya ce ko da kalma ɗaya a zauren nan, ko da an ƙi, da na san yana bayana.

Da yammacin Asabar ɗin na tura bidiyon 'yata a zauren WhatsApp na gidanmu. Yaya ne ya fara magana: "Ke dai ki kula, kar ki dawo mana da 'yar Indiya." Gwaggo ta turo murya tana cewa rana za ta ƙona yarinyar. Na ajiye wayar na shiga kicin ina hawaye, ban ma san wa nake wa ba.

Bayan isha'i sai ga kiran Baba. Ba ya kira, sai dai in ni na kira. Muka gaisa, ya tambayi maigidana da karatu, ya tambaya ko ana ruwa a nan. Can ya ce: "Na ga abin da kika turo. Gudun nata irin naki ne, har yadda take sunkuyar da kai." Na ce, Baba, yaushe ka taɓa ganin ina gudu? Sai ya ce katinsa zai ƙare, in gaida yara.

Inna na kira. Ta ce ai duk ranar wasannin makarantarmu yakan rufe shago da wuri, ya jingine kekensa a bayan katanga wajen bishiyar darbejiya, ya tsaya har a gama. Ta ce shi ya hana ta faɗa mini.

Baɗi in Allah Ya kai mu maigidana zai gama karatu mu koma gida. Na riga na biya wa yarinyar kuɗin wata uku a wurin kocin, na kuma ce wa Inna ta gaya wa Baba ina so in mun dawo ya raka mu kallon gasar Dala. Har yanzu ba ta kawo mini amsarsa ba.