Wa Muke Kamawa Idan Zango Ya Ƙare Ba Daɗi?

A watan Mayun 2019 aka kammala Game of Thrones, wani shirin Turawa mai dogon zango, kuma washegari wurin aikinmu a nan Ingila kamar gidan makoki. Wata abokiyar aikina ta kifa wayarta a kan tebur ta ce an ci mata shekara takwas a banza. Mutum fiye da miliyan ɗaya suka sa hannu a intanet, wai sai an sake zango na takwas daga farko. Amma duk zafin nan, marubuta aka tasa a gaba. Tambayarsu ɗaya ce: me ya sa aka yi shekaru ana gina hali, aka rushe shi cikin mako biyu?

Mu kuwa fushinmu wata hanya yake bi. Duk ƙarshen zangon shirin Hausa sai ƙanwata ta turo mini saƙon murya, numfashinta har sama-sama yake: "Yaya, ka ga abin da muguwar nan ta yi? Allah ya isa!" Da matar cikin shirin take, kamar maƙwabciyarta ce. Wannan zafin yana burge ni, don Turawan nan ba su cika shiga labari da zuciya ɗaya haka ba. Abin da ke ci mini rai shi ne inda yake sauka. Sai ka ga an bi ’yar wasa har shafinta na Instagram ana zagi, alhali abin da aka rubuta mata ta faɗa. Ko lokacin da Fati Washa ta karɓi matsayin Sumayya a Labarina bayan Nafisa Abdullahi, gardamar wa ta fi dacewa ce ta cika gari.

Mai alƙalami kuwa yana gefe, ba wanda ya ce masa kanzil. Shi ya sa wasu masu shirin dogon zango suke ja mana rai yadda suka ga dama. Zancen da zai ƙare a fitowa shida, kamar yadda BBC ta saba yi da wasu wasannin kwaikwayonta na talabijin, sai a miƙe shi wata da watanni, a rufe zango da hatsarin mota ko suma a asibiti, ba a warware ƙulli ko ɗaya ba.

Rannan na tambayi ƙanwar tawa wa ya rubuta shirin da ta yi wata uku tana kuka a kansa. Shiru ta yi, can ta ce bari ta duba.