Wai sai wanda ya ci kambu ne zai iya koyar da dambe?

Jama'a wannan maganar da ake yawan yi cewa wanda bai taɓa cin kambun duniya ba bai isa ya zama koci ba, ni dai ban yarda da ita ba ko kaɗan. Ku duba Freddie Roach na Amurka mana.

Mutumin nan lokacin da yake dambe ba wani shahararre ba ne, ɗan tsaka-tsaki ne mai taurin rai, irin wanda zai sha naushi uku don ya rama ɗaya. Ya ci wasa 40 an buge shi sau 13, bai taɓa riƙe kambun duniya ba. Ubangidansa kuwa Eddie Futch ne, dattijon nan da ya hana Joe Frazier fitowa turmi na 15 a karonsa da Muhammad Ali a Manila a 1975, don idon Frazier ya kumbura ba ya ganin naushin da ke zuwa. To shi wannan Futch ɗin ya ce wa Roach ya isa haka, ka ajiye safar hannu, yaro ya yi kunnen ƙashi ya ci gaba ba tare da shi ba, aka buge shi sau biyar a wasanninsa shida na ƙarshe kafin ya haƙura a 1986 yana ɗan shekara 26. Yau yana fama da cutar Parkinson, hannu na rawa murya na rawa, shi kansa yana danganta abin da dukan da ya sha.

Bayan ya gama ba kuɗi ba sana'a, har aikin tallar kaya ta waya ya yi, sannan ya koma gun Futch yana riƙe bokiti da tawul yana kallon yadda ake gyara yara. Nan fa karatun yake. Gwanin da Allah ya ba baiwa yawanci bai ma san yadda yake yin abin ba balle ya koyar, shi ko wanda ya sha kashi ya san daidai inda ake sakin gadi a ci duka.

A 2001 wani siririn yaro ɗan Filifin ya shigo gidan horon Roach na Wild Card a Hollywood, Manny Pacquiao kenan, hannun hagu kawai yake da shi kamar guduma, na daman kusan ado ne. Roach ya zauna kan hannun daman nan shekara da shekaru. Wanda ya kalli yadda Pacquiao ya tattaka Oscar De La Hoya a 2008 ko yadda ya shimfiɗe Ricky Hatton a turmi na biyu a 2009 ya ga aikin koci wallahi.

Abin da ya fi ba ni mamaki, da Jeff Horn ya doke Pacquiao a 2017 Roach ya fara zancen ko lokacin ritayar Pacquiao ya yi, kamar yadda Futch ya faɗa masa a da. Wasan da ya biyo baya a 2018 da Lucas Matthysse, Pacquiao bai tafi da Roach ba.