Ganuwar da muka sani

Rahoton da ke cewa gine-gine na cinye ganuwar Katsina gaskiya ne, ban ma jin an faɗi rabinsa. Bayan Sallah ni da abokina da ya daɗe a Legas muka taka da ƙafa daga Ƙofar 'Yanɗaka, wadda aka ce ta nan Turawa suka shigo a 1903, muka ratsa lunguna har gindin hasumiyar Gobarau. Inda muke hawa tudun ganuwa muna gangarowa a kan kwali, yanzu shagon cajin waya ne da bangon bulo. Kududdufin da ake ɗibar ƙasar yaɓe an cike shi da shara, an yanka filaye. Sai abokin nawa ya tsaya ya ce, "Malam, nan ne kuwa?" Tsohuwar da ke tuyar masa a zaure ce ta gane shi, ta kira shi da sunan kakansa, ta ƙi karɓar kuɗinmu.

Laifin ba na gwamnati kaɗai ba ne. Mu ne muke ɗibar jar ƙasar da daddare. A kafa alluna a sauran guntayen da suka rage, a sa masu unguwanni su riƙa sa ido, tun kafin damina ta ƙarasa su.